Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Amsa Ga Masu Kiwon Kifi Na Magarya, Rabah Da Goronyo

To, yau dai jakar tamu ƙarnin kifi take yi, domin takardu uku muka ware, dukansu maganar kiwon kifi suke yi, kuma dukansu daga gabashin Jihar Sakkwato suka fito.

Ta farko wani saurayi ne ya aiko ta daga Magarya, cikin ƙaramar hukumar Wurno. Ya ce bayan gaisuwa mai yawa, ya ranci kuɗi wurin yayansa ya gina kwami na siminti a bayan gida, ya zuba 'ya'yan tarwada 500. Wata biyu suna ci suna girma, amma da bazara ta kama sai ya riƙa tarar da biyar ko goma sun mutu kowace safiya, sauran kuma sun rage cin abinci. Mutane na ce masa baki ne ya kama su. Yana so mu faɗa masa maganin da zai saya kafin a wayi gari ba kifi, ba kuɗin yaya.

Ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Rabah, mai kiwon tarwada cikin tankin roba. Ta ce abincin kanti ya yi tsada, tana haɗa musu da sauran tuwo da hanjin kaji, an kuma ba ta shawara ta riƙa watsa gishiri duk mako. Tana tambaya ko daidai ne, kuma mudu nawa.

Ta uku wani Alhaji ne daga Goronyo. Ya ce a Jidda ya ga kifaye masu launi iri-iri cikin akwatin gilashi, shuɗi da rawaya da ja, abin gwanin sha'awa. An ce masa kifin teku ne. Shin in ya ɗebo ruwan dam ya jiƙa gishiri a ciki, zai iya ajiye irinsu a falonsa?

To, madalla. Mun gode da waɗannan takardu. Tambaya uku ce, amma tushen amsar ɗaya ne: mai kiwon kifi, ruwa yake kiwo. Akuya in ta yi kashi sai a share turke, kaza in ta ɓata akurki sai a kwashe. Shi kuwa kifi, ruwan nan shi ne ɗakinsa, shi ne akushinsa, shi ne iskar da yake shaƙa, kuma shi ne bayan gidansa. Duk abincin da ka watsa masa, ko ya ci ko bai ci ba, ƙarshensa ya zama ƙazanta cikin ruwan. Wanda ya riƙe wannan magana ya gama rabin karatun.

GA ƊAN'UWANMU NA MAGARYA

Malam, kafin ka zargi bakin mutane, sunkuya ka sansana ruwan kwaminka. In ka ji wari, ko ka ga kumfa ta taru a kusurwa ba ta fashewa, ka sami ɓarawonka. Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza.

Ga abin da ke faruwa. Kifi yana fitar da wani sinadari da ake kira amoniya ta wurin jan naman nan da ke ƙarƙashin marfin kunnensa, wanda da shi yake numfashi. Kashinsa da ragowar abinci su ma in sun ruɓe amoniya suke zama. Amoniya dafi ce, tana ƙona wannan jan naman. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mai da ita wani abu da ake kira naitirait, shi ma dafi ne, domin yana hana jini ɗaukar iska har jinin kifi ya koma launin ƙasa-ƙasa. Sai wasu ƙwayoyin kuma su mai da naitirait ya zama naitiret, wanda illarsa kaɗan ce, taki ne ma ga shuka. A tafki na ƙasa, laka da tsirrai suna taya wannan aiki. A kwami na siminti ko tankin roba da ba shi da mataci kuwa, ba mai kwashe dafin sai kai, ta hanyar canza ruwa.

Yanzu duba lissafin. Kifin da ka zuba wata biyu da suka wuce ya ninka nauyinsa sau da yawa, ka ƙara masa abinci, amma kwamin bai ƙara faɗi ba. Sai ga bazara. A ƙasar Sakkwato zafi na haura digiri 40 cikin watan Afrilu, alhali tarwada ta fi son ruwa mai digiri 26 zuwa 30. Zafi kuwa illa biyu yake yi. Yana ƙara wa amoniya kaifi, yana kuma rage iskar oksijin da ke cikin ruwa. Lita ɗaya ta ruwa mai digiri 20 tana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin, amma a digiri 30 bai wuce 7 da rabi ba. Da dare kuma gansakukar da ta mai da ruwan kore takan daina ba da iska, ta koma shan ta. Shi ya sa iska ta fi ƙaranci gab da asuba, shi ya sa kuma da safe kake tsintar gawa.

Za ka ce ai tarwada tana shaƙar iskar sama. Gaskiya ne, Allah Ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take numfashi da ita, shi ya sa takan daɗe a laka ba ta mutu ba, karfasa kuwa nan da nan take sheƙawa. Amma wannan juriya ita ke yaudarar masu kiwo. Tarwadar da ta tsaya cikin ruwa kai sama jela ƙasa, gashin bakinta ya fara cinyewa, cikinta ya yi ja, ta daɗe tana shan wuya kai ba ka sani ba.

Abin da za ka yi tun yau, ga shi. Ka dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu, yunwar kwana biyu ba ta kashe kifi. Ka tsame matattun ka binne su nesa. Ka sa tiyo ka zuƙe dattin da ya kwanta a ƙasan kwami. Ka zubar da sulusin ruwan ko rabinsa, ka mayar da sabo sannu a hankali, da sassafe ko da yamma, kada ka kwarara ruwan sanyi kan ruwan da rana ta dafa. Ka maimaita haka kullum har warin ya tafi, sannan ka tsayar da ƙa'idar canjin ruwa gwargwadon girmansu. Ka yi wa rabin kwamin rumfa da zana. Ka ware manya daga ƙanana, domin tarwada na cin ɗan'uwanta, in kuma sun yi cunkoso ka raba su gida biyu ko ka sayar da wasu. Ruwan da ka zubar kada ya tafi a banza, kai shi gindin zogale ko lambun alayyahu.

Batun magani kuwa, ka riƙe kuɗinka tukuna. Masu fasa kafso su zazzage cikin ruwa ba tare da ganin likitan dabbobi ba suna kashe ƙwayoyin nan masu amfani, suna koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, ga kuma ragowarsa a jikin kifin da mutane za su ci. Ruwa mai kyau shi ne magani na farko.

Sai ka kula da inda kake ɗebo ruwan. Na burtsatse yana da tsabta amma ba shi da iska sosai, saboda haka ka bar shi ya faɗo daga sama yana fantsama. Na famfo, in an sa masa sinadarin kulorin, a bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu. Na kogi da na hanyoyin ban ruwa kuwa sai an yi hattara. Ƙasar Wurno ƙasar shinkafa ce da albasa da tafarnuwa, feshin maganin ƙwari ba ya yankewa, kuma ɗan abin da aka wanke daga tankin feshi ya isa ya ƙarar da kwami guda. Haka ruwan farko na damina, yakan kwaso dattin rani duka, kada a bar shi ya gangaro cikin tafki. Wanda zai gina sabon kwami kuma, ya cika shi da ruwa ya bari ya jiƙa, ya zubar ya sake, har kamar mako biyu, domin sabon siminti yana sakin kaifi mai ƙona kifi.

GA HAJIYA TA RABAH

Hajiya, Allah Ya ƙara albarka cikin sana'a. Tsadar abinci kuka ne na kowane mai kiwo, domin shi ke cinye mafi yawan jari. Sai dai tuwo ba abincin tarwada ba ne. Tarwada maciyar nama ce, tana buƙatar abincin da sinadarin gina jiki, watau furotin, ya kai kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari. Tuwo kusan duk sitaci ne, yana narkewa ya yi tsami ya ɓata ruwa, kifin bai ƙaru da komai ba. Hanjin kaji yana da amfani, amma a wanke shi a tafasa a yanka ƙanana, ɗanye yana shigo da cuta. In za ki haɗa naki a gida, ki nemi garin busasshen kifi, da waken suya da aka soya, da tunkuza, da 'yar dusa, a kwaɓa a murza ƙanana a shanya. Waken suya ɗanye yana hana narkewar abinci, dole sai ya ga wuta. Duk abin da ya yi fumfuna a zubar, musamman gyaɗa da masara, domin fumfunarsu na da dafi mai lalata hanta. Abincin da ya daɗe a ajiye kuma bitamin ɗinsa kan mutu, rashin bitamin C kuwa shi ke kawo ciwon nan da kan tarwada ke tsagewa.

Nawa za a ba su? Ƙananan kifi sukan ci kamar kashi 5 cikin ɗari na nauyinsu a yini, manya kashi 2 zuwa 3. Alal misali, kifi 1,000 kowanne giram 100, kilo 100 ke nan, abincinsu na yini kilo 3, a raba shi biyu ko uku. In babu sikeli, ido ma sikeli ne. Ki watsa kaɗan-kaɗan a wuri ɗaya, ki tsaya kina kallo. Da kin ga sun rage wawaso, ki tsaya. Abin da ya wuce minti goma yana yawo a saman ruwa ya yi yawa, a kwashe shi. Kada a ciyar da tsakar rana lokacin zafi. Da hunturu kuma, in ruwa ya yi sanyi, cikinsu ba ya narkar da abinci da sauri, sai a rage, a jira rana ta ɗaga.

MAGANAR GISHIRI

Yanzu sai gishiri, inda tambayar Hajiya da ta Alhaji suka haɗu. Jinin kifin kogi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, saboda haka ruwa ke ta shiga jikinsa, shi kuma yana ta fitsari don ya rage, kusan ba ya shan ruwa. Kifin teku akasin haka ne. Ruwan da ke kewaye da shi ya fi jininsa gishiri, yana tsotse masa ruwan jiki, don haka kullum cikin shan ruwa yake, yana fitar da gishirin ta wurin numfashinsa. Kowanne da irin halittarsa. Ka sa kifin teku a ruwan Rima, ya mutu. Ka sa tarwada a ruwan teku, ta mutu.

To, Hajiya, gishiri ga tarwada magani ne, ba abinci ba. Yana amfani in an yi jigilar kifi ko an ware su sun gurje, yana rage ƙananan ƙwarin da ke manne wa fata, yana kuma rage illar naitirait. Ba a auna shi da mudu bisa ƙiyasi, da yawan ruwa ake aunawa. Giram 2 ga kowace lita ya wadatar, watau kilo 2 ga tanki mai lita 1,000, na kwana biyu ko uku, sannan a canza ruwa. A narkar da shi cikin bokiti kafin a zuba, kada a watsa shi kan kifi. Watsawa duk mako ba dalili, asarar kuɗi ce, kuma in ba a canza ruwa sosai taruwa yake yi. Kanwa kuwa kada ta kusanci tanki ko kaɗan, domin tana ƙara wa amoniya dafi.

GA ALHAJI NA GORONYO

Alhaji, ranka ya daɗe, abin da ka gani abin sha'awa ne. A bakin teku a Jidda akwai gidan kifi na Fakieh da aka buɗe a 2013, inda ake nuna halittun Bahar Maliya. Amsar tambayarka a taƙaice ita ce, ruwan dam da gishirin miya ba za su yi ba.

Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, na Bahar Maliya ma ya kai wajen 40. Watau durom mai lita 200 sai ya sha kilo 7. Kuma ba irin gishirinmu ne kaɗai a ciki ba, akwai sinadaran magnesiyam da kalsiyam da fotasiyam da wasunsu, kowanne da gwargwadonsa. Masu wannan kiwo wani haɗaɗɗen gishiri suke saye na musamman, su narkar da shi cikin ruwan da na'ura ta tace tas. Suna da ma'aunin nauyin ruwa da ya kamata ya nuna tsakanin 1.023 da 1.026. Ruwan da ya ƙafe saboda zafi kuwa, shi kaɗai ke tashi ya bar gishirin, don haka da ruwa marar gishiri ake cike gurbinsa. A irin busasshiyar iskarmu ta rani, wannan aikin kullum ne.

Dokar da muka faɗa wa ɗan'uwanmu na Magarya tana nan, har ta fi tsanani. Teku ba ya canzawa, saboda haka kifinsa bai saba da canji ba. Ma'aunin tsami da kaifi na ruwa, wanda masana ke kira pH, a ruwan teku yana tsakanin 8.1 da 8.4, a irin wannan mataki kuwa amoniya kaɗan ma kisa take yi. Sabon akwati sai ya yi mako huɗu zuwa shida mataci na aiki, ƙwayoyin bakteriya sun zauna, kafin a sa kifi, shi ma ɗaya-ɗaya. Akwati babba ya fi ƙarami sauƙin riƙewa, kifi kaɗan cikin ruwa mai yawa. Akan canza kamar kashi 10 cikin ɗari na ruwan duk mako ko mako biyu. Abinci ɗan abin da za su cinye cikin minti biyu, kuma kowane iri da cimarsa, wasu ciyawar teku, wasu ƙananan jatan lande. Sabon kifi akan killace shi a wani akwati na daban kamar wata guda, saboda wata cuta mai fitowa fari-fari a jiki kamar an barbaɗa gishiri, wadda in ta shiga takan gama da kowa.

Babban abin dubawa shi ne wuta. Waɗannan kifaye suna son ruwa mai digiri 24 zuwa 27, dare da rana, bazara da hunturu. Ruwan gishiri kuma bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba, ya gaza da kamar kashi ɗaya cikin biyar. In injin ya tsaya na 'yan sa'o'i cikin zafin Afrilu, an yi asara. Sai mai na'urar sanyaya ruwa da sola ko janareta da ba ya fashi. Bugu da ƙari, yawancin kifayen daga cikin duwatsun murjani ake kamo su, musamman a Indunusiya da Filifin, wasu ma da guba ake sumar da su, a sa su a jirgin sama. Kafin su sauka Legas su yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 zuwa Sakkwato, da yawa sun galabaita.

Shawararmu, Alhaji, ka fara da na gida. Kogunanmu na da kifin ado da 'yan kasuwa ke fitarwa daga Legas zuwa Turai da Amurka. Akwai wani ɗan'uwan karfasa ja mai ɗigo-ɗigo masu sheƙi, akwai irin kurungun da ke iyo a rigingine, akwai mai dogon baki kamar haƙar giwa ta lanƙwaso. Ga ka a bakin madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 kan kogin Rima, wadda aka gina don ta riƙe ruwa fiye da mita kubik miliyan 900. Masuntan wurin sun san kowane kifi da sunansa da abin da yake ci. In ka riƙe akwatin ruwan daɗi shekara guda lafiya, ka koyi awo da canjin ruwa, sannan ka duba ko aljihu da wuta za su ɗauki na teku. Abu ɗaya muke roƙo, duk kifin da aka kawo daga wata ƙasa, in an gaji da shi kada a sake shi cikin kogi ko dam.

KAFIN MU RUFE JAKA

Jama'a, kifi ba ya kuka, amma yana nuna alama. Mai lafiya yana wawason abinci, yana gudu in ya ga inuwa. Wanda ya ware gefe, ko yana goga jikinsa da bango, ko ya taso sama yana haki, ko ya ƙi ci, yana faɗa muku ne ku duba ruwa. Ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta ranar da kuka canza ruwa, da abincin da kuka bayar, da adadin da ya mutu. Ran da za ku ga likitan dabbobi ko malamin gona, wannan littafin ne zai yi muku magana. Masu tafki a fadama kuma su ɗaga bakinsa su kewaye da raga tun kafin ruwa ya sauka, duk wanda ya ga ambaliyar 2010 a ƙasar Goronyo da Wurno ya san dalili.

Mai neman ƙarin ilmi, akwai sashen nazarin kifi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa kusa da tafkin Kainji, akwai kuma ta binciken teku a Legas.

Ɗan'uwanmu na Magarya, ka sake rubuto mana bayan mako biyu mu ji yadda kwamin ya kasance. Hajiya ta Rabah da Alhaji na Goronyo, muna fata kun gamsu. Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a ci gaba da aiko da takardu. Mu huta lafiya.